FILIN KIMIYYA: Allurar Ƙarfin Maza Da Darasin Da Aka Koya Daga Birai

Akwai wani irin majiyyaci da likitocin haihuwa a ƙasashe da yawa suka saba gani. Mutum ne ƙaƙƙarfa, ga faɗin ƙirji, ga gemu, ba ya kukan kome game da sha'anin iyali, sai dai shekara biyu ko uku ke nan da aure, shiru. An kai matar asibiti an auna, an sake aunawa, ba a sami wani aibi ba. Ran da aka lallashe shi ya ba da maniyyinsa aka duba a madubin likita, sai a tarar ruwa ne zalla, ko ƙwaya ɗaya babu a ciki. In likita ya bi diddigi da tambaya, sau da yawa sai ta bayyana cewa mutumin ya daɗe ana yi masa allurar testostaron, ko don ya tara tsoka a gidan ɗaga ƙarfe, ko don wani ya gaya masa tana ƙara kuzari.

Abin da ɗaure kai. Testostaron shi ne sinadarin da ke mai da yaro namiji sosai, shi ke buɗe murya, shi ke fid da gemu, kuma in babu shi maraina ba su iya yin maniyyi ko kaɗan. To, ƙaƙa abin da ba a haihuwa sai da shi zai zama shi ke hana haihuwa? An yi shekara fiye da 100 ana bin sawun amsar, an fara da zakaru, aka koma kan ɓeraye, amma abubuwa da yawa da suka shafi ɗan Adam daga jikin birai aka gano su.

A cikin 1849 wani malamin jami'ar Göttingen ta ƙasar Jamus, Arnold Berthold, ya fiɗiye waɗansu 'yan zakaru. Waɗanda ya bari haka nan suka tashi ba zanko, ba cara, ba faɗa, ba su kuwa kula kaji. Waɗansu kuma ya mayar musu da ƙwayar maraina, amma a cikin ciki ya dasa ta, kusa da hanji. Waɗannan suka girma zakaru cikakku. Da ya yanka su ya duba, sai ya ga ƙwayar ta kama, jijiyoyin jini sun shige ta, amma babu wata jijiyar saƙo da ta haɗa ta da sauran jiki. Ashe ta cikin jini ta ke aika umurninta. Irin waɗannan 'yan aike da ke bin jini daga wata gaɓa zuwa wata su a ke kira homon, kuma sai a 1935 Ernst Laqueur da abokan aikinsa a birnin Amsterdam suka tace wannan na maraina daga na bijimai, suka raɗa masa suna testostaron.

In aka tsaga ƙwayar maraina, abin da za a gani shi ne waɗansu siraran bututu a murɗe kamar zare a kan mazari, waɗanda in da za a warware su a miƙe sai su yi ɗaruruwan mita. A tsakanin bututun akwai ƙwayoyin halitta da ke yin testostaron, a na kiransu da sunan Franz Leydig, Bajamushen da ya bayyana su a 1850. A cikin bangon bututun kuwa akwai waɗansu dogaye masu sunan Enrico Sertoli, mutumin Italiya da ya gano su a 1865 yana ɗalibi. Waɗannan su ne masu goyo. Kowace ɗaya tana rungume da 'ya'yan maniyyi tun suna danye a gindin bango, tana ciyad da su, suna rarrabuwa suna matsawa tsakiya, har su yi kai da wutsiya ta sake su. Akwai iyakar yawan da mai goyo ɗaya za ta iya ɗauka, saboda haka yawan masu goyon da namiji ya samu kafin ya gama balaga shi ke yanka masa iyakar abin da zai iya yi har tsufa.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Carl Heller da Yves Clermont sun auna shi a 1963 da 1964, suka sami tsakanin kwana 64 da 74 daga farko zuwa ƙarshe, ban da kwanakin da ƙwayar ke yi a hanya kafin ta fito. Wannan shi ya sa zazzaɓi mai zafi da ya kwantad da mutum yau ya kan nuna a maniyyinsa bayan wata ɗaya ko biyu, shi ya sa kuma likita mai hankali ba ya yanke hukunci da awo ɗaya.

Su maraina ba su ke da ikon kansu ba. Tun wajen 1930 Philip Smith a Amurka ya nuna cewa in aka cire wa ɓera wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, sai marainansa su motse, maniyyi ya ƙare. A jikin mutum girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Jakadu biyu ta ke aikawa. Na ɗaya, LH, wurin ƙwayoyin Leydig ya ke zuwa ya ce su yi testostaron. Na biyu, FSH, wurin masu goyo ya ke zuwa. Ita ma fituwitarin hakimi ce kawai, akwai sarki a bisanta, watau wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwa da a ke kira haifotalamas, wanda ke sako mata wani homon mai suna GnRH. A 1971 aka gano ƙirarsa, bayan da Andrew Schally da Roger Guillemin suka yi shekaru suna tsere da juna, ɗaya yana niƙa ƙwaƙwalen aladu dubu ɗaruruwa, ɗaya na tumaki. Su biyun sun sami kyautar Nobel a 1977.

Da aka kai nan sai tambaya ta zama, a jikin wa za a gwada? Ɓera yana da arha, amma ya bambanta da mutum ta hanyoyi da yawa, har a irin ƙwayoyin asalin da maniyyi ke fitowa daga cikinsu. An taɓa gwadawa a jikin mutane, abin kuwa bai yi kyan gani ba. Shi Hellern nan da aka ambata, daga 1963 zuwa 1973 ya riƙa haska wa fursunoni 67 hasken hoton ƙashi a maraina a wani kurkuku na jihar Oregon, ana biyansu 'yan daloli, ana yankar tsoka ana dubawa, har daga baya gwamnatin Amurka ta sa aka binciki al'amarin. Biri ne ya rage, musamman irin na Indiya da a ke kira resus, domin tsarin marainansa da yadda ya ke balaga sun yi kusa da na mutum ƙwarai. Ba a ce biri ya ji daɗin wannan matsayi ba, har yau kuwa ana gardama a kan halaccinsa.

Gwajin da ya fi kowane suna an yi shi a jami'ar Pittsburgh, a ɗakin binciken Ernst Knobil, aka buga sakamakonsa a 1978. An ɗauki birai mata aka lalata musu wurin da ke yin GnRH a ƙwaƙwalwa, nan da nan fituwitari ta yi shiru, LH da FSH suka ɓace daga jini. Sai aka sa musu siririn bututu a jijiya, aka riƙa ɗura musu GnRH da famfo dare da rana ba tsayawa. Kowa zai zaci magana ta ƙare, an mayar da abin da aka ɗauke. Fituwitari ta ɗan motsa, sa'an nan ta koma ta yi shiru kamar ba a ba ta kome ba. Da aka sāke dabara, aka sa famfon ya yi aiki minti 6 ya huta minti 54, kowace awa haka, sai ga jakadun nan biyu sun dawo cikin jini kamar na lafiyayyen biri. Aka koma ɗura ba tsayawa, suka sake faɗuwa. Aka koma ɗigo-ɗigo, suka sake tashi. Sinadari ɗaya ne, biri ɗaya ne, bambancin kawai shi ne hutun da ke tsakani. Duk wanda ya taɓa zama kusa da injin niƙa ya san wannan, bayan ɗan lokaci kunne ya kan daina jin ƙarar, amma sallama a ƙofa, in an yi an dakata an sake, ba ta wuce kunne. An tabbatar daga baya haka abin ya ke ga birai maza, ga mutum kuma, wanda nasa bugun ke zuwa wajen kowace awa ɗaya da rabi zuwa biyu.

Likitoci ba su yi jinkirin cin moriyar wannan ba, ta fuska biyu kuwa masu kishiyantar juna. Akwai maza da a ke haifa ƙwaƙwalwarsu ba ta sako GnRH, su kai shekara 20 ba murya ba gemu, waɗansunsu ma ba su jin ƙamshi ko wari, cutar da Franz Kallmann ya bayyana a 1944. Irin waɗannan a kan ɗaura musu ɗan famfo a ɗamara mai sako maganin kowace awa biyu, su balaga, da yawa har su haihu. Ta ɗaya fuskar kuma, tsofaffin da ke da sankarar furostet, 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda testostaron ke ciyad da ita, a kan yi musu allurar irin wannan sinadari mai daɗewa a jiki ba hutu, don a toshe kunnen fituwitari da gangan. Tun 1985 a ke amfani da ita a Amurka a maimakon fiɗiya da wuƙa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wancan gwaji da Knobil, Tony Plant, shi ya ci gaba da aikin a kan birai maza shekaru da yawa, ya kuwa warware wani abu game da balaga. Ashe jariri namiji, na biri da na mutum, injinsa a tashe ya ke a watannin farko na rayuwa, testostaron ɗinsa ya kan hau sosai, sa'an nan a kashe injin, ya yi shekaru a kashe. Da can an zaci maraina ne ba su nuna ba. Plant ya nuna ko an cire wa jaririn biri maraina, LH ɗinsa ya kan hau a jarirantaka, ya sauka a ƙuruciya, ya sake hawa wajen shekara 3, daidai lokacin da 'yan'uwansa ke balaga. Watau birkin a ƙwaƙwalwa ya ke. A 1989 suka riƙa zungurar ƙwaƙwalwar 'yan birai da ba su kai shekara 2 ba da wani sinadari, bugu-bugu kowace awa 3, cikin 'yan watanni marainansu suka girma suka fara yin maniyyi.

Yanzu sai a koma ga ƙaƙƙarfan mutumin nan na asibiti. Sarkin da ke ƙwaƙwalwa ba ya ganin maraina, rahoto ya ke jira, rahoton kuwa shi ne yawan testostaron da ke yawo a jini. In ya ga ya yi ƙasa sai ya ƙara bugu, in ya ga ya yi yawa sai ya sassauta. Amma akwai wani sirri: testostaron da ke cikin maraina kansu, inda a ke yinsa, ya ninka na jini sau 50 zuwa 100, kuma wannan tulin ne masu goyo ke bukata. Na jini ragowa ce kawai da ta malalo waje. To, in aka yi wa mutum allura a ɗuwawu, jini ya cika da testostaron, tsoka ta samu, gemu ya samu, sha'awa ta samu. Ƙwaƙwalwa ta karɓi rahoton ƙarya cewa rumbu ya cika har yana zuba, sai ta tsai da aike. LH ya ɗauke, ƙwayoyin Leydig su ajiye aiki, tulin nan na cikin gida ya zube ƙasa warwas, abin da allura ke kawowa ta jini kuwa bai kai ko kusa da shi ba. FSH ma ya ɗauke tare. Maraina su yi laushi su ƙanƙance, mai su yana tsaye gaban madubi yana yaba damtsensa.

Batun FSH ɗin nan ya daɗe yana raba kan masana, kuma a nan ne biri ya fi nuna amfaninsa. A jikin ɓera testostaron shi kaɗai ya kan riƙe mafi yawan aikin, har a 1997 aka ƙirƙiro ɓerayen da ba su da FSH sam, mazansu suka haihu duk da ƙananan maraina. Waɗansu suka ce ashe jakada na biyu ɗan rakiya ne. Amma a birnin Bangalore na Indiya, N. R. Moudgal ya yi wa birai maza allurar rigakafin da ke sa jikinsu ya kashe FSH ɗinsu, testostaron ɗinsu bai taɓu ba, suna hawan mata kamar kullum, amma maniyyi ya ragu ya lalace, ciki bai shiga ba. A Münster ta Jamus kuma, Eberhard Nieschlag da Gerhard Weinbauer suka yi ta kashe fituwitarin birai da magani suna mayar da jakadun ɗaya bayan ɗaya, suka ga kowane shi kaɗai ya kan riƙe wani abu, amma cikakken aiki sai da su biyu. Ɗan Adam ya faɗo a tsakiya. A 1997 ɗin dai aka ba da labarin maza 5 a ƙasar Finlan waɗanda jikinsu ba ya jin kiran FSH tun haihuwa: dukansu marainansu ƙanana, maniyyin yawancinsu kaɗan ne ƙwarai, amma 2 daga cikinsu suna da 'ya'ya.

Su masu goyo ma suna da nasu rahoton dabam, wani homon mai suna inhibin, wanda aka yi hasashensa tun 1932 amma ba a kama shi ba sai 1985. A shekarar 2000 mutanen Plant suka cire wa manyan birai ƙwayar maraina ɗaya. Inhibin ya faɗi, FSH ya hau, ƙwayar da ta rage ta ƙara girma ta ƙara yawan abin da ta ke yi. Ashe lafiyayyen namiji ba ya aiki da iyakar ƙarfinsa, akwai saura a ajiye.

Tun da an san allura tana tsai da maniyyi, sai aka ce me zai hana a mai da ita maganin tazarar haihuwa na maza, a sauke wa mata wani kaya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada. A 1990 ta buga sakamakon maza 271 daga ƙasashe 7, waɗanda aka riƙa yi wa allurar testostaron miligiram 200 kowane mako. Cikin wata 6, mutum 157 maniyyinsu ya ƙafe ƙaf, kuma a cikin shekarar da waɗannan suka yi da matansu ba wani kāriya, ciki ɗaya tak aka samu. Matsalar ita ce sauran da nasu bai ƙafe duka ba, an kuma lura mutanen Asiya sun fi Turawa saurin amsawa. Wani gwajin na maza 320, wanda aka haɗa testostaron da wani homon ana allura kowane mako 8, ya yi aiki sosai, amma aka tsai da shi a 2011 saboda ƙuraje da sauyin hali da baƙin ciki da waɗansu suka yi kuka da su. Har yanzu babu ƙasar da ta amince da irin wannan magani a kasuwa. Abin lura dai shi ne, allurar da hukuma ta gwada don hana haihuwa ita ce wadda samari ke saye da kuɗinsu don ƙarin ƙarfi, sau da yawa ma su kan ninka awon.

Ba samari kaɗai ke wannan kuskure ba. Wani bincike da aka buga a 2012 a kan likitocin mafitsara na Amurka ya nuna kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka amsa tambaya su kan rubuta testostaron ga namijin da ya zo da kukan rashin haihuwa. In masu digiri sun faɗa wannan rami, ba abin mamaki ba ne mai kemis ya faɗa. A gidajen da ba a saba auna namiji ba kuwa, matar ce za ta sha jiƙe-jiƙe da gorin dangin miji, wata ma a yi mata kishiya, kishiyar ita ma ta zo ta zauna shiru, alhali kuwa masana sun daɗe da nuna cewa a kusan rabin gidajen da ba a haihuwa, akwai hannun namiji a matsalar.

Sa'ar da a ke da ita ita ce ƙwayoyin asalin nan da ke gindin bangon bututu ba su mutuwa don an yanke aike, kwanciya su ke yi. A 2006 aka tattara bayanan maza 1,549 da suka shiga irin gwaje-gwajen nan, aka ga bayan an daina allura kashi 67 cikin 100 sun koma daidai a wata 6, kashi 90 a shekara ɗaya, dukansu kuma a shekara 2. Sai dai waɗannan lafiyayyu ne da likita ke auna musu magani. Wanda ya yi shekaru yana ɗirka wa kansa abin da ya ga dama ya kan fi haka daɗewa, waɗansu ma ba su komawa sosai. Irin wannan likita kan taimaka masa da allurar hCG, homon da a ke tacewa daga fitsarin mata masu ciki, wanda ke yin aikin LH ya ta da ƙwayoyin Leydig daga cikin gida, wani lokaci a haɗa da FSH. Sa'an nan a ba shi ranar dawowa awo bayan wata 3, domin ko an ta da injin yau, ƙwayar farko ba za ta fito ba sai ta cika kwanakinta 70 da 'yan kai.